Ganyen Yabo Ba Ya Biyan Bashi

A 'yan shekarun nan wata sabuwar al'ada ta shigo zangunanmu, daga Nima da Mamobi na birnin Akra zuwa Aboabo da Asawase a Kumasi, kuma labari ya nuna ta tsallaka har unguwannin 'yan uwanmu na Yawunde da Duwala. Matashi zai sha wahala ya haɗa fim da kuɗin bashi, bayan wata biyu sai ga fostarsa tana yawo a WhatsApp, an jera mata ganyaye bibbiyu kamar rawanin sarauta, a tsakiyar kowanne an rubuta sunan wani biki na wata ƙasa mai nisa da ya zaɓi fim ɗin. Sai barka ta yi ta zuba, ana cewa ɗanmu ya ɗaga tutar zango a idon duniya. Ba wanda yake tambaya a wane zaure aka haska fim ɗin, mutum nawa suka zauna suka kalla, wa ya taya, wa ya saya. Mai ɗaukar hoto kuwa yana nan yana bin ragowar kuɗinsa, wadda ta dafa wa 'yan wasa abinci ita ma ba a sallame ta ba.

Gaskiyar da ba a son faɗa ita ce da yawa daga cikin waɗannan ganyaye saye ake yi. A dandalin FilmFreeway, inda masu shirya finafinai na duniya ke tura ayyukansu, akwai dubban bukukuwa, na ƙwarai da na bogi duk a jere ɗaya. Wasu ba su da zauren kallo ko ɗaya, ba su da alƙalan da aka sani, kowane wata suna raba kambu kamar ana raba goron suna. Sana'arsu ke nan: ka biya kuɗin shiga da dala, su aiko maka da hoton ganye. Wanda ya tura fim ɗinsa wurare ashirin irin waɗannan ya kashe abin da zai isa gyara sautin fim ɗin kaf, sautin da shi ne ya fi kunyata finafinanmu a duk inda aka haska su da babbar lasifika.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai waɗanda suka ga wannan shirme suka yanke hukunci kan harkar baki ɗaya. Su a wurinsu bikin baje kolin finafinai taron Turawa ne da 'yan barandansu, ba abin da Bahaushe zai samo a can sai lalacewar tarbiyya. A zuba fim a YouTube kawai, a jira abin da Allah zai kawo. Muna ganin wannan ra'ayi ya fi na farko illa, domin mai sayen ganye kuɗinsa kaɗai ya yi hasara, shi kuwa wannan yana rufe wa kowa ƙofa. Kuma yana yin haka da sunan kishin al'ada, alhali al'adar da yake kishi ba ta taɓa tsoron kasuwar baƙi ba.

Su wane ne mu, in ba jikokin fatake ba? Kakanninmu sun baro Kano da Katsina da Sakkwato da jakuna, suka keta Borgu da Gurma suka sauka Salaga neman goro, a ƙasar da ba harshensu, ba sarautarsu. Ba su shiga kasuwar Gwanja da ka ba. Ayari yana da madugu, a zango akwai fatoma mai saukar baƙi wanda yake ajiye kaya yake tsaya wa baƙonsa, akwai dillali da ya san mai saye ya san farashi, yana karɓar la'adarsa bisa ƙa'ida. Alhassan Ɗantata ta wannan hanya ya tara jarinsa na farko kafin ya koma Kano ya shiga cinikin gyaɗa. Bikin fim na gaskiya zango ne irin wannan. Jan kafet da kwalliyar taurari da muke gani a hotuna bakin ƙofa ne kawai. Cinikin yana can ɗakunan baya, inda mai labari ke zama da mai jari, da wakilin gidan talabijin, da dillalin da ke sayar da finafinai ƙasa-ƙasa. Wanda ya je zango ya tsaya a bakin ƙofa ana ɗaukarsa hoto, ya juyo gida bai kwance kayansa ba, kada ya ce kasuwa ce ba ta ci.

Abin takaicin shi ne mafi girman wannan zango a nahiyarmu yana nan a bayan ɗakinmu. Motar da ta tashi daga Kumasi ta bi ta Tamale da Bolgatanga ta tsallaka iyaka a Paga, Wagadugu za ta sauke ka. A can ake yin FESPACO tun 1969, yanzu shekara biyu-biyu, kuma tun 1983 yana da kasuwarsa ta saye da sayar da finafinai mai suna MICA. Da aka fara ba da babban kambunsa, Dokin Yennenga, a 1972, ɗan Nijar ne ya fara ɗauka, Oumarou Ganda, da fim ɗinsa Le Wazzou polygame. Ganda ba ɗan gata ba ne. Tsohon soja ne da aka kai yaƙin Indocin, ya dawo yana dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan, ɗan ci-rani kamar dubban iyayenmu, har Jean Rouch ya sa shi a fim ɗin Moi, un noir. Daga nan ya koyi sana'ar, ya yi Cabascabo wanda aka haska a Cannes a 1969. Ɗan Kamaru Dikongué Pipa ya ɗauki dokin a 1976 da Muna Moto, ɗan Ghana Kwaw Ansah ya ɗauka a 1989 da Heritage Africa, ɗan Nijeriya Newton Aduaka ya ɗauka a 2007 da Ezra. Duk ƙasashen da muke zaune a cikinsu sun san hanyar Wagadugu. Mu da muke cika tashoshin motarsu da kasuwanninsu, mu ne muka tsaya muna cewa wurin na Turawa ne.

To ina kuɗin yake? Nan ne akasarinmu muke ɓata hanya, domin mun ɗauka a kambu yake. Kambun da ke ɗauke da kuɗi mai tsoka kaɗan ne ƙwarai, kuma fim ɗaya ke ɗauka cikin ɗaruruwa. Wanda ya ci bashi yana lissafin zai biya da kyautar biki, caca ya yi. Kuɗin gaske ana raba shi tun fim bai zama fim ba, yana kan takarda. Bikin Rotadam na ƙasar Holan yana da asusun Hubert Bals tun ƙarshen shekarun 1980, yana tallafa wa rubuta labari da shirya aiki. Bikin Balin ya kafa nasa, World Cinema Fund, a 2004. Durban FilmMart a Afirka ta Kudu tun 2010 yake tara masu labari su tallata ayyukansu gaban masu jari. A Wagadugu kanta akwai Ouaga Film Lab tun 2016, inda darakta da furodusansa ke zama da gwanaye a gyara labari da kasafin kuɗi kafin a fita neman jari. Wanda ya riga ya ɗauki fim amma kuɗi ya yanke masa kafin ya kammala haɗa hoto da gyaran launi da sauti, akwai Final Cut na bikin Venis tun 2013, da Atlas Workshops na Marakesh tun 2018, waɗanda suke kallon aikin da bai ƙarasa ba su ba da kuɗi ko ɗakin aiki. Mai yin fim na gaskiya, wato wanda ba wasan kwaikwayo ba, yana da asusun IDFA Bertha na Amsadam, mazauna ƙasashen da ke amfani da Faransanci kuma suna da asusun hotuna na ƙungiyar ƙasashen. Kowanne yana da lokacin buɗewa da na rufewa, yana da takardun da yake nema. Ba mai zuwa zango ya ƙwanƙwasa mana ƙofa.

Mu kuwa yaya muke yi? Ranar Litinin labari ya faɗo wa mutum, kafin Juma'a an tara 'yan wasa, ba rubutaccen labari sai abin da darakta ya faɗa wa kowa a kunne, cikin kwana goma an gama, a sati na uku yana YouTube. Sai bayan an ga masu kallo ba su kai yadda aka zata ba a tuna da bukukuwa. A lokacin nan bakin alƙalami ya bushe. Manyan bukukuwa suna son su ne na farkon haska fim, ko a duniya ko a yankinsu. Fim ɗin da ke kwance a intanet kyauta ya zubar da wannan daraja, kamar goron da aka riga aka ɓare aka kawo kasuwa. Dillali ma ba zai taɓa shi ba, don me zai sayar wa gidan talabijin abin da kowa ke kallo a wayarsa ba ko sisi? Ƙari a kan haka, mun sa waƙar wani ba izini, ba mu da takardar yarjejeniya da marubuci ko 'yan wasa, fassarar da ke ƙasan allo kuma wani ƙane ne ya yi ta da dare ɗaya da Turancin da ko shi ba ya ganewa. Mai saye na ƙasar waje abu na farko da zai tambaya shi ne shaidar cewa kowane sauti da kowane hoto a fim ɗin mallakarka ne. In babu, hira ta ƙare, komai kyan labarin.

Kada wani ya ce ai Bahaushe ba a ba shi. Sani Magori mutumin Galmi ne a Nijar, masanin aikin gona. Ya bi ta horon Africadoc, ya yi fim a kan albasar garinsu da yadda aure ke jiran farashinta, Pour le meilleur et pour l'oignon, ya zagaya bukukuwa da shi. Sannan ya yi Koukan Kourcia, inda ya ɗauki tsohuwar zabiya suka kama hanya har Abijan don ta kira mazan da ci-rani ya haɗiye, cikinsu har da mahaifinsa, su koma gida. Wannan labarin gidan kowannenmu ne, da Hausarmu, kuma baƙi sun zauna sun kalla da fassara. Aïcha Macky 'yar Damagaram ta shiga unguwar Kara-Kara ta ɗauki rayuwar matasan da gari ke gudu, fim ɗinta Zinder ya fara fita a bikin Visions du Réel na Suwizalan a 2021. Rahmatou Keïta ta kai Zin'naariyâ bikin Toronto a 2016, daga baya ya zama fim na farko da Nijar ta tura gasar Oscar. Ko a Nijeriya, da aka cire Lionheart daga gasar a 2019 saboda Turanci ya yi masa yawa, fim ɗin da aka tura a shekarar da ta biyo, The Milkmaid, akasarinsa da Hausa ne, haka ma Mai Martaba a 2024. Ba su kai zagayen ƙarshe ba, amma darasin a fili yake: harshen da wasu yaranmu ke jin kunyar yi a gaban abokan makaranta, a wannan kasuwa haja ce.

Kuma amfanin ba ya tsayawa ga mai fim. Bayan Mahamat-Saleh Haroun ya ci kambun alƙalai a Cannes a 2010 da Un homme qui crie, gidan silima na Normandie da ya daɗe a rufe a Njamena an gyara shi an sake buɗewa a 2011. 'Yan Sudan, cikin halin da ƙasarsu take, sun ci kyaututtuka a Balin da Venis a 2019, suka kai Goodbye Julia Cannes a 2023, akasari da jarin da suka tattaro daga irin waɗannan asusu da abokan haɗin gwiwa. A nan Ghana, Blitz Bazawule ya yi The Burial of Kojo da ɗan jari, ya roƙi jama'a gudummawa ta Kickstarter ya kammala shi, ya bi bukukuwa har kamfanin ARRAY ya ɗauka ya kai shi Netflix a 2019. Yawancin maganar fim ɗin da Tiwi ake yinta. Maƙwabcinmu ne, ruwan famfo ɗaya muke sha.

Yanzu mu zo ga hujjar masu adawa da ta fi nauyi, domin tana da gaskiya a cikinta kuma ba za mu share ta ba. Suna cewa mai ba da kuɗi shi ke zaɓar labari, kuma abin da Turai ke son gani daga wajenmu sananne ne: yunwa, bindiga, yarinyar da aka yi wa auren dole, malami mugu, jirgin ruwan da ya nutse da 'yan gudun hijira. Duk wanda ya bibiyi finafinan Afirka da ake yabawa a can ya ga wannan zare. Ba kuma yau aka fara ba. A Akra Jean Rouch ya ɗauki Les Maîtres fous a tsakiyar shekarun 1950, a kan 'yan ci-ranin Nijar masu bautar Hauka, kumfa a baki, ido a juye. Fim ɗin ya sami yabo a Turai, 'yan Afirka da yawa da suka gani kuwa ransu ya ɓaci. Ousmane Sembène ya taɓa faɗa wa Rouch a fuska cewa irinsu suna kallonmu kamar ƙwari. Sharuɗɗan kuɗin ma ba sadaka ba ne. Tallafin hukumar finafinan Faransa na Aide aux cinémas du monde sai da furodusa Bafaranshe a cikin aikin, asusun Balin kuma yana bi ta hannun abokin aiki a Jamus. Idan ba ka iya karanta yarjejeniya ba, za ka farka ka tarar fim ɗinka na wani ne, kai sunanka kawai ke jiki, ko haska shi a filin makarantar unguwarku sai ka nemi izini daga Paris.

Duk wannan haka yake. Amma tun yaushe sharrin dillali ya zama dalilin ƙaurace wa kasuwa? Farke da ya san fatomansa na iya cutarsa ba ya fasa fatauci, yana dai ƙirga kayansa da kansa, yana riƙe da guzurin da zai iya tashi ya canza masauki. Maganin mai jarin da ke son juya maka labari shi ne ka zo da naka jarin, ko yaya yake. Wanda ya zauna a tebur da rabin kasafinsa a aljihu zai iya cewa a'a, wannan fitowar ba za a cire ta ba, haƙƙin haskawa a Afirka ta Yamma kuma nawa ne. Wanda ya zo hannu rabbana, abin da aka ba shi zai karɓa, da sharaɗin da aka ga dama. Gaskiya ɗaya kuma da ya kamata mu haɗiye: ba kowane fim da ya nuna aibinmu ne aka saya ba. Kara-Kara tana nan ko Aïcha Macky ta ɗauka ko ba ta ɗauka ba. Al'ummar da ke kiran duk wanda ya nuna mata miki ɗan koren Turawa, ta zaɓi mikin ya ruɓe a ƙarƙashin riga.

Shi ya sa maganarmu ta fi karkata ga masu hali na zango fiye da matasan da ke riƙe da kyamara. Muna da attajirai masu shanu, masu motocin haya, masu canji, masu shagunan kaya a Kejetiya da Makola. Mun ga abin da ake kashewa a bikin aure ɗaya: anko kala uku, zaure, makaɗa daga Kano da kuɗin jirginsu, liƙin da ake sharewa da tsintsiya. Abin da ake watsarwa a daren nan zai biya marubuci wata shida ya zauna ya rubuta labari na kirki, ya biya ƙwararren mai ɗaukar sauti, ya sayi tikitin mutum biyu zuwa Wagadugu ko Durban. Amma je ka ce wa Alhaji ya sa jari a fim. Ko dai ya ce maka wasan banza ne, ko ya ba ka da sharaɗin ɗansa ne jarumi kuma a nuna sabon gidansa daga ƙofa har bene. Ga mu da adashi, tsarin tara jari da iyayenmu mata suka riƙe shekara da shekaru ba takarda ba lauya, ana sayen firji da shi, ana kai 'ya ɗakin miji, ana biyan kujerar Makka. Me ya hana masu shirya fim goma a Kumasi su yi zubi, kowane zagaye kwasar ta tafi ga aiki ɗaya, a kan fassara da sauti da kuɗin tafiya? Abin da ya hana mun san shi: kowa so yake a ce shi ne shugaban ƙungiya.

Akwai kuma wata ƙofar da muke tsaye a bakinta shekaru muna jiran a buɗe mana, wato Kano. Ba mai musun abin da masana'antar Kano ta yi tun daga Turmin Danya a 1990. Ita ta sa yaron da aka haifa a Tamale ko Garwa yake jin karin maganar da kakarsa ta manta. Bashinta yana wuyanmu. Amma mun mayar da ita ma'auni ɗaya tilo, har burin ɗan wasanmu bai wuce wani jarumin can ya sa shi a bayansa yana riƙe masa jaka ba. Muna kwaikwayon falonsu da rawarsu da rigimar kishiyoyinsu, muna murɗe harshe don kada a yi wa Hausarmu dariya, a ce mun mayar da mace namiji a magana. Sakamakon shi ne kwafi mai rauni na abin da asalinsa ke nan a kasuwa da araha. Mai zaɓar finafinai a biki ya ga irinsa ɗari. Abin da bai gani ba shi ne mu: Hausar da ta sha Tiwi da Ga da Fulatanci da Larabcin Cadi, gidan haya mai ɗaki ashirin da ƙabila bakwai, mahaucin da ke lissafi da harshe uku, yaron da aka haifi kakansa a nan amma a ofishin katin ɗan ƙasa ana tambayarsa ainihin garinsu. Ita Kanon ma tana da nata bikin na finafinan harsunan Afirka, KILAF, Abuja tana da Zuma, Yawunde tana da Écrans Noirs da Bassek Ba Kobhio ya kafa a 1997. Mu je musu da abin da ba su da shi, sai su matsa mana wuri.

Labaran kuwa suna nan jibge, masu riƙe da su suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. A 1969, shekarar da aka fara FESPACO, gwamnatin Busia ta kafa dokar korar baƙi marasa takarda, zanguna suka girgiza, aka sayar da gidaje da shaguna a wulaƙance, iyalai suka rabu a bakin iyaka, wasu ba su sake haɗuwa ba. Waɗanda suka ga wannan da idonsu yau sun manyanta. A Mai Wurno ta bakin Kogin Nilu akwai zuriyar waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. A Kete Karaci Alhaji Umaru ya zauna ya rubuta waƙoƙinsa da Hausa da Larabci har rasuwarsa a 1934. A cikin Wagadugu kanta, unguwar Zangwatan da Hausawa suka kafa an rushe ta a farkon shekarun 2000 don aikin sabunta tsakiyar birni da ake kira ZACA, 'yar tafiya kaɗan daga inda baƙin FESPACO ke sauka. Wa a cikinmu ya zauna da kyamara gaban tsohuwar da aka tasa daga can? Idan muka bari, wani zai zo daga nesa da tallafin da mu muka raina, ya ɗauka da idonsa, ya kai biki, mu kuma mu cika Facebook da ƙorafin an ɓata mana suna.

Wani zai ce fim ɗin biki na 'yan boko ne, mutanen unguwa ba za su kalla ba. Wannan ma uzuri ne. Fim ɗin da ya gama zagayensa na bukukuwa cikin shekara ɗaya ko biyu ba abin da zai hana a dawo da shi gida, a kafa farin ƙyalle a filin makaranta bayan sallar isha'i, a karɓi kuɗin ƙofa kaɗan, daga baya a sayar wa tashar talabijin, a ƙarshe a sa shi YouTube. Jerin ne ke da muhimmanci, kuma mu daga wutsiya muke farawa. Biki yana yin wani aikin da ba ma lissafawa, wato adana. Shaihu Umar, fim ɗin da Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya ɓace shekaru masu yawa har aka fid da rai, sai da aka gano faifansa a wani tsohon ɗakin ajiya a Legas, aka gyara shi da haɗin gwiwar cibiyar Arsenal ta Jamus, aka haska a bikin Balin a 2018. Finafinan da aka yi a zangunanmu a zamanin kaset da faifan CD, ina suke yau? Wa ke da kwafin asali? Fim ɗin da ya shiga kundin biki na ƙwarai aƙalla an rubuta sunansa da shekararsa da sunan mai shi a inda gara ba ta ci.

Ba mu ce kowa ya bar abin da yake yi ba. Mai shirin barkwanci na mako-mako da ke ciyar da iyalinsa da YouTube ya ci gaba, sana'a ce. Muna magana ne da mutum biyar ko goma a kowane gari da suka san a ransu suna da labarin da ya fi ƙarfin sati uku. Su daina biyan dala don hoton ganye. Kafin su tura fim ko'ina su bincika: bikin nan yana da zaure, shekara nawa yana gudana, waɗanne finafinai ya haska bara, ina suka ƙare? Su rubuta labarin a takarda, da taƙaitawarsa a shafi ɗaya, da bayanin dalilin da ya sa su ne za su ba da shi, da kasafin kuɗi na gaskiya, su sami wanda ya iya Turanci ko Faransanci da gaske su biya shi ya fassara. Su yi rajistar kamfani, domin asusu ba ya zuba kuɗi a aljihun mutum. Su fara da gajeren fim na minti goma sha biyar mai tsabtar sauti, don shi ne shaidar da masu tallafi ke nema kafin su amince da dogo. Su sa hannu da kowane ɗan wasa da kowane mawaƙi, ko da ƙanin mahaifiyarsu ne.

FESPACO na gaba a 2027 zai kama, kuma ana rufe karɓar finafinai watanni kafin a buɗe. Wanda bai da fim ma ya je, ya nemi katin shiga MICA, ya zauna a bayan zaure ya ga yadda ɗan Mali ko 'yar Senegal ke tallata labari cikin 'yan mintoci gaban masu jari, ya karɓi lambobin waya. Ɗan Ghana ba ya bukatar jirgi don wannan tafiya, kuɗin mota ne da na masauki, kuma a Wagadugu har yanzu akwai gidajen Hausawa da za su shimfiɗa wa baƙo tabarma.